Gonar da Kaka Ya Bayar da Wasa

"Da igiyar awo suka zo, Tahira. Su uku, Baffa Nababa yana gaba. Ina tsaye a cikin gerona suka auna gonar tun daga shingen lalle har bakin hanya, babu wanda ya ce da ni ko sannu."

Tahira ta dubi Uwaisu. Ta dafa bangon zauren gidansu.

"Tsoho fa yana raye, Yaya Uwaisu. Yana numfashi. Yaya za a auna gonar mutum yana kwance yana jinya?"

"Wai Baffa so yake ya san girmanta kawai." Uwaisu ya yi wani murmushi wanda gara kuka da shi. "Na san mutanen. Masu yanka filoti ne na Bacirawa, abokan harkarsa. Ɗaya har cewa yake za ta ba da filoti goma sha biyu."

Duk Kukar Malamai babu wanda bai san Uwaisu da Tahira ba. Shekara uku ke nan yana sintiri a ƙofar gidan mahaifinta Malam Auwalu, har tabarmar zauren ta san zamansa. Ba shi da abin kushewa sai abu ɗaya, shi ma ba laifinsa ba ne. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu, kakansa Dabo, wanda suke kira Tsoho, ya riƙe shi. A rabon gado kuwa, jikan da ubansa ya riga kakan tafiya ba ya samun komai matuƙar kakan ya bar ɗa namiji a raye. Dabo yana da ɗa, shi ne Nababa. Hanya ɗaya ta rage wa irin su Uwaisu, ita ce kakan ya yi wasiyya da bakinsa a gaban shaidu tun yana da hankalinsa.

Dabo kuwa bai yi ba. Yau kwanansa tara a kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

"Amma ai ya ba ka gonar," Tahira ta ce, hawaye suna bin kumatunta. "Ni da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

"Kin ji. Kowa ma ya ji. To tuna yadda yake faɗa."

Ta kuwa tuna.

A bakin masallaci yake faɗa, ko a gindin marke in an zauna shan fura. Sai ya nuna Uwaisu da sanda ya ce, "Kai raggo, na ba ka gonar bakin hanya, ka je ka noma ko ka samu abin ciyar da matar da kake shirin ƙwace mini." Uwaisu kuma ya ce, "Tsoho, ka yi ka tafi mu sha gumba, ka ishe mu." Jama'a su kwashe da dariya. Haka kaka da jika suke, tun kafin a haife mu. Abin da ba mu cika lura da shi ba a karkarar nan shi ne, maganar da aka yi a cikin wannan wasa ba ta da nauyin ko ƙwayar gero ranar da aka shimfiɗa tabarmar rabon gado.

"Baffa ya ce gayauna ce aka ba ni, irin wadda ake ba kowane saurayi ya noma kafin a buƙace ta," in ji Uwaisu. "Na ce shekarata tara ina kai mata taki a kan jaki. Ya ce to Allah ya ba ni lada."

"Ka je ka gaya wa Tsoho mana! Ka ce ya kira mutane!"

"Na gwada, Tahira, wallahi na gwada. Shekaranjiya na durƙusa a gabansa, ina buɗe baki ya ce, 'Ɓarawon mata, ka zo duba ko na mutu ne?' Kafin in ankara na mayar masa, muka yi dariya, na fito. Tunda nake ban taɓa yi masa magana ba wasa ba. Ban san ta inda ake farawa ba." Muryarsa ta karye. "Kuma yaya zan dubi mutumin da ya goya ni a kafaɗa in ce masa ya yi shirin mutuwa don in samu gona? Wane irin ɗa zan zama?"

"Ni fa? Wace irin rayuwa zan yi in aka raba mu?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa, har ladan ya kira magariba, ya tashi ya tafi ba tare da sallamar da ya saba yi mata ba.

* * *

Da safe bayan an sallami ɗalibai, Malam Auwalu ya aika a kira ta. Ta same shi a zaure yana feƙe alƙalami, mahaifiyarta Inna Barira tana zaune daga bakin ƙofa, fuskarta babu walwala.

"Zauna, Tahira. Nababa ya sake turo mutane a kan ɗansa Abdulkabir."

Ta fashe da kuka tun bai rufe baki ba.

"Tsaya ki ji ni. Ban taɓa yi wa 'ya dole ba, ba kuma a kanki zan fara ba. In kin ce ba kya son Abdulkabir, magana ta mutu a nan. Amma ki sani, wallahi ba zan ɗauke ki in ba wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa ba. Na yi wannan kuskuren a kan yayarki Ramlat. Shekara biyar ke nan tana ɗakin haya a garin da ba ta san kowa ba, mijin yana yawon ci-rani, in ya samu su ci, in bai samu ba su kwana haka. Duk ranar da ta bugo waya uwarki ba ta iya cin abinci. Ba zan yi biyu ba."

"Baba, Uwaisu ba raggo ba ne. Ko da rani ba ya zama, Watari yake tafiya noman tumatir."

"A gonar wani. Na san ba raggo ba ne, da raggo ne da tuni na kore shi daga ƙofata."

"To ku yi wa Tsoho magana, Baba. Ku ne ake kira rabon gado a garin nan, zai ji taku."

Malam ya ajiye wuƙar. "Sau biyu na yi masa tun yana kan ƙafafunsa. Na ce Baba Dabo, wasiyya ba ta kashe mutum, ka rubuta wa yaron nan abin da kake nufi. Ya ce da ni, 'Malam, ko ka taho da likkafanin ne mu gwada?' Yanzu kuwa da gari duka ya san maganarku, in na taka gidan nan da alƙalami, cewa za a yi Auwalu ya je ƙwatar wa 'yarsa gona a bakin majinyaci."

Inna Barira ta share ido da gefen mayafi. "Ke dai ki yi ta addu'a, 'yar nan. Amma ni tsoro nake ji. Jiya matar Nababa ta gaishe ni a bakin rijiya, har da ce mini surukarta."

Tahira ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta daɗe ba ta fito ta ɗora tukunya, ta dama kunun tsamiya mai kauri, ta juye a kwanon sha. Inna ta bi ta da kallo, ba ta tambaye ta inda za ta ba.

* * *

Ranar kasuwar Minjibir ce, garin ya yi tsit. Wanda bai tafi kasuwa ba yana gona, don damina ta yi nisa, ciyawa ba ta jiran kowa. Tana bin siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin dawa da gyaɗa sai ta ji ƙarar babur a bayanta.

Abdulkabir ne, cikin farar shadda, turarensa ya riga shi isowa. Ya kashe babur ɗin a gabanta ya tare hanya.

"Ina zuwa da kwano, gidan kakana? Ashe har kin fara hidimar dangi."

"Ba ni hanya."

"Zan ba ki. Ni fa ban ƙi ɗan'uwana ba, Tahira. In aka gama yanka filotan zan sa Baba ya ɗauke shi gadi, ya dinga samun na sabulu." Ya gyara zaman hularsa. "Ki daina wahalar da kanki. Likita ya gaya wa Baba a asibiti, jinin tsohon nan a sama yake ƙwarai. In abin ya sake buga shi sau ɗaya, ko ya tafi, ko ya zama ba ya gane kowa. Yau ne, gobe ne, babu wanda ya sani."

Ya tayar da babur ya wuce, ya bar ta da hayaƙi. Kunun ya ɗan zube mata a hannu, ko zafinsa ba ta ji ba. Yau ne, gobe ne. Ta ƙara sauri.

A tsakar gida ta tarar da Gwaggo Furera, 'yar Dabo da ta zo daga gidan mijinta don jinya, tana ɗaura mayafi.

"Yauwa, Allah ne ya kawo ki. Uwaisu ya tafi Minjibir neman wani magani tun da sassafe, ni kuma ko gishiri babu a gidan. Zauna da angon naki in leƙa kasuwa in dawo."

Ɗakin yana warin man zafi. Dabo yana kishingiɗe a kan katifa, an tokare shi da matasai, bakinsa ya ɗan karkace, amma idanun nan nasa na tsokana suna nan yadda suke.

"Wa nake gani kamar amaryata? Kin gudo daga wurin raggon nan ke nan? Na gaya miki za ki dawo."

Da a da ne, da ta ce masa wa zai zauna da angon da ba shi da haƙorin tauna goro. Amsar har ta zo bakinta, don ta saba. Ta haɗiye ta. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa a gabansa gwiwa biyu.

"Kaka, yau ba wasa na zo yi ba."

Bai taɓa jin ta kira shi Kaka ba. Ya ɗan dube ta, sannan ya yi dariya da rabin bakinsa.

"Au, yaji za ki yi mini ina kwance? Ko gumbar ce kika ƙagu ki sha?"

Ba ta yi dariya ba. Ta kafe shi da ido, hawaye suna zuba. Ta san abin da take yi rashin kunya ne. Budurwar da ko sadakinta ba a kai ba, ta zo ɗakin tsoho tana shirin yi masa maganar mutuwarsa. In maganar ta fita, har ta tsufa ana nuna ta da baki.

"Jiya an auna gonar bakin hanya, Kaka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Wa ya auna?"

"Baffa Nababa, da masu filoti."

"Gonar yaron nan? Ai na ba shi. Gari duka ya ji na ba shi."

"Gari duka ya ji, gari duka ya yi dariya. Ko sau ɗaya ba ka taɓa faɗa babu dariya ba. Baffa ya ce wasan kaka da jika ne, kuma babu mutum ɗaya da zai iya dafa Alƙur'ani ya ce ba wasa ba ne. In ka rufe ido a haka, Uwaisu ba shi da gona, ba shi da ɗakin da yake kwana, ni ma ba shi da ni. Babana ya rantse."

Ta kifa kanta a gefen katifar tana kuka mai cin rai. "Ka yafe mini, Kaka. Wallahi ba mutuwarka nake so ba. Tsoro ne ya kawo ni."

Can ta ji hannunsa mai lafiya a kan mayafinta.

"Ni ma tsoron ne, yarinya," ya ce a hankali, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Ubana, ranar da ya tara mutane ya yi wasiyya, bai ga la'asar ba. Ina tsaye a wurin. Tun daga ranar, in aka ce mini wasiyya sai in ji kamar an fara haƙa kabarina." Ya numfasa da ƙyar. "Shi kuma yaron nan, fuskar ubansa ce da shi sak. In na dube shi ban tsokane shi ba, kuka zan yi. Shekara ashirin ina tsokanarsa don kada ya ga hawayena. Ashe cutarsa nake yi."

Ya runtse ido, ya kai hannu ƙeyarsa.

"Tashi ki kira mini maza biyu masu hankali. Yi sauri, kaina yana sara mini tun asuba."

* * *

Tahira ba ta san ta bar takalminta a ƙofar ɗakin ba. Wayarta tana wurin mai caji tun safe, shi ma ya kulle ya tafi kasuwa. Ta buga ƙofar gidan Mai unguwa, aka ce ya tafi Minjibir. Ta je gidan ladan, matarsa ta ce yana gonarsa ta bayan rafi, tafiyar rabin awa. Mai shago ya rufe. Gida biyar ta shiga, babu kowa sai mata da tsofaffin da ba sa fita. Mu da muke taƙama gidajenmu a manne suke, in ka yi tari maƙwabci ya ce sannu, ranar nan an nemi namiji ɗaya an rasa.

Ta faɗa zauren gidansu tana haki.

"Baba! Tsoho ya yarda! Ya ce a kira mutane, zai yi wasiyya, kansa yana ciwo, Baba ku taso!"

Malam Auwalu ya miƙe zumbur, har ya kai hannu ga tawada, sai kuma ya tsaya.

"Kin duba Mai unguwa?"

"Ba ya nan."

"Ladan fa? Sabiru mai shago?"

"Babu kowa, Baba, na zaga ko'ina!"

"Ki sake zagawa. Ki nemo ko wane ne, ban da ni."

Ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafarsa. "Don girman Allah, Baba. In abin ya sake buga shi shi ke nan. Ku bar mutane su faɗi abin da za su faɗa. Haƙƙin maraya ne."

Ya daɗe yana kallonta, wani irin kallo mai kama da tausayi, wanda a lokacin ba ta tsaya fahimtarsa ba.

"Haƙƙin maraya ne," ya maimaita. "Kin yi gaskiya. Allah ya sa ki iya ɗaukar abin da kika roƙa."

Ya ɗauki tawada da alƙalami da farar takarda, suka fita.

Sun tarar da Dabo yana zufa, amma da hankalinsa. Malam ya zauna kusa da kansa, ya tambaye shi sunansa, da ranar da ake ciki, da yawan gonakinsa, duk ya amsa daidai. Gonaki biyar ne, ta bakin hanya ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na dukiyar ba, don haka wasiyya ta halatta a kanta.

"To Baba Dabo, faɗi abin da kake so. Da gaske kake ko da wasa?"

"Da gaske nake, Malam. Allah shi ne shaida. Bayan raina, gonar bakin hanya da ɗakin da yake kwana a ciki na Uwaisu ne."

"Uwaisu ɗan wa? Sai ka faɗi sunan uban, don kada a ce wani ne."

Tsohon ya kawar da kai. Mahaifin Uwaisu ɗan farinsa ne, bai taɓa kiran sunansa ba yana raye saboda kunya, bai kuma kira ba bayan ya mutu.

"Ɗan Abdulrashid," ya ce, hawaye suka gangaro masa. "Abdulrashid nawa."

Malam ya rubuta, ya karanta masa, ya tsoma babban yatsansa a tawada ya danna a ƙasan takardar. Tahira ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka.

"Saura mutum na biyu," in ji Malam. "Da an dawo daga kasuwa zan zo da Mai unguwa ka maimaita a gabansa, magana ta zauna daram."

Dabo ya buɗe baki zai amsa. Maganar ba ta fito ba. Idanunsa suka juye, kansa ya langaɓe gefe, numfashinsa ya koma wani irin minshari mai ban tsoro.

"Kaka! Kaka!"

Malam ya tallafe shi yana salati, yana kiran sunansa a kunne. Daidai nan Gwaggo Furera ta shigo, ta yar da ledar hannunta ta ɗora hannu a ka. Mata suka cika gidan. Aka shafa masa ruwa, aka yi masa fifita, ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, amma ko da 'yarsa ta kira shi Baba, idanun ba su san ta ba.

* * *

Bayan an aika a nemo mota, Malam ya yafito Tahira suka fito. Suka tsaya a inuwar marke, nesa da kunnen mutane. Takardar tana aljihunsa na gaba, ya dafe ta da hannu.

"Baba, ai ta yi ko? Ko da ku kaɗai ne?"

"Ta yi. A maganar dukiya, alƙali yana karɓar shaidar mutum ɗaya adali in mai haƙƙin ya yi rantsuwa. Nababa zai ja, na san shi, har kotu za mu je. Amma in na tsaya na faɗi abin da na ji, gonar ta Uwaisu ce."

"Alhamdu lillahi," ta ce, tana dariya tana kuka. "Alhamdu lillahi, Baba!"

"Ban gama ba, Tahira."

Yadda ya faɗa ya sa ta daina dariyar.

"Ba a karɓar shaidar mutum a kan abin da zai amfani mijin 'yarsa. Haka yake a littafi, ni da kaina nake karantar da shi. Ranar da na ɗaura miki aure da Uwaisu, shaidata ta faɗi, takardar nan ta zama ta ƙunshe ƙosai. Abin da ya sa na ce ki nemo kowa ban da ni ke nan."

"To... to a bari a gama shari'ar, sannan a ɗaura."

"Wasiyya ba ta aiki sai mai ita ya rasu. Ga shi nan kwance, rai a hannun Allah yake. Na ga mai irin wannan ciwon da ya shekara bakwai ana juya shi. Bayan nan a yi rabo, bayan nan a shiga kotu, ita ma shari'ar gona kin san ba ta sauri." Ya kawar da kai, don shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Kuma daga yau ko zance ba zai sake zuwa ƙofata ba. Nababa ido zai zuba. In ya samu mutum biyu da za su ce Uwaisu surukina ne mai jiran gado, ya gama da mu."

"In ya haƙura da gonar fa? In ya ce ya yafe?"

"Sai ya koma wanda ba shi da ƙasa, ni kuma kin ji rantsuwata. Ban da haka ma, na riga na ji da kunnena. Mutum ya damƙa mini amanar maraya da sauran numfashinsa, ba ni da ikon ɓoye ta, ko don ke."

"Baba, da kun gaya mini..."

"Da na gaya miki, za ki ce in zauna?"

Bai jira amsarta ba. Ya juya ya koma cikin gidan da sauri, kamar mai gudun kada ta ga fuskarsa.

Tana nan tsaye babu takalmi, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a bakin hanya. Uwaisu ya diro, riƙe da farar leda. Bai san komai ba. Da ya hango ta sai fuskarsa ta washe, ya taho da gudu-gudu yana ɗaga ledar sama.

"Tahira! Na samo! Kemis huɗu na shiga kafin in same shi. Mai maganin ya ce in Tsoho ya riƙe shi kullum ba fashi, sai ya ƙara shekara goma a duniya!"

Ya tsaya a gabanta yana haki, yana dariya.

"Shekara goma, Tahira. Allah ya ja mana kwanansa. Ki ce amin mana."

Tana son tsohon nan har cikin ranta, Allah ya sani. Ta buɗe baki za ta ce amin, kalmar ta ƙi fitowa. Wani tsoro ya rufe ta wanda ya fi na Nababa da masu igiyar awo, don wannan karon zuciyarta take tsoro.

Uwaisu ya daina dariya. Ya sauke ledar a hankali.

"Tahira, na ce ki ce amin."